Satar Fasaha: Wanda Ya Kwaikwayi Injin Wani, Ɓarawo Ne?

Duk wanda ya saba cin kasuwar Talata Mafara ya san rumfunan masu walda. Manomi zai taso daga Kaya ko Bakura da hoton wani injin casar shinkafa a wayarsa, ko ya aro na maƙwabcinsa ya ɗoro a mota, ya ce wa mai walda, “Malam, irin wannan nake so, amma kuɗina ba su kai na kanti ba.” Mai walda zai zagaya injin sau biyu, ya kwance murfi, ya auna da tef, ya ƙirga haƙoran ciki, ya ce a dawo bayan kasuwa biyu. In aka dawo, ga inji nan tsaye an shafe shi da koren fenti, yana aiki, kuma kuɗinsa bai kai na asalin ba.

Mukan tsaya mu yaba, mu ce Allah ya yi wa bawan nan baiwa. Da dare kuma, in muka buɗe waya muka ga labarin wani kamfani ya kwaikwayi ƙirar wani, mu ɗin nan ne za mu rubuta cewa satar fasaha ce, Allah wadai. Ba mu cika lura da cewa aikin da muka yaba da rana shi ne muka tsine wa da dare ba.

A wani wuri ana iya barin maganar a matsayin gardamar majalisa. A yankin nan kuwa kalmar sata ba abin wasa ba ce. A ƙarshen 1999 gwamnan Zamfara na lokacin, Ahmad Sani Yariman Bakura, ya ƙaddamar da shari’ar Musulunci a Gusau, kuma a watan Maris na 2000 aka zartar da haddin sata na farko a Talata Mafara, a kan wani mutumin Jangebe da aka samu da laifin satar saniya. Daga baya mun ga abin da satar shanu ta rikiɗe ta zama a dazukan Maradun da kewaye, inda garken da aka gada kaka da kakanni yake tafiya a dare ɗaya, ƙauyuka su watse. Mutanen da suka ga wannan da idonsu bai kamata su riƙa jifa da kalmar ɓarawo yadda suka ga dama ba. Don haka tambayar ta isa a zauna a duba ta: wanda ya kwaikwayi abin da wani ya ƙirƙira ya kuma yi wa rajista, sata ya yi? In ba sata ba ce, mene ne sunan abin da ya yi?

Saniya da garwashi

Mu fara da ma’anar sata a dokokin da ake yi mana shari’a da su. Sashe na 286 na kundin Final Kod, wanda Arewa take aiki da shi tun 1960, ya bayyana sata da cewa mutum ya gusar da dukiya mai ɗaukuwa daga hannun mai ita, ba da yardarsa ba, da nufin cuta. Wato dole a sami abin da ake iya ɗauka, kuma dole ya bar hannun mai shi. Malaman fiƙihun Malikiyya ma sun tsaurara. Kafin a kira abu sata mai haddi, sai an ɗauki dukiyar wani a ɓoye, daga ma’ajiyar da ta dace da ita, kuma ta kai nisabi, wato rubu’in dinari na zinariya ko dirhami uku na azurfa. Wanda ya ƙwace da ƙarfi a gaban jama’a, da wanda ya fizga ya ruga, da wanda aka ba ajiya ya cinye, duk sun aikata haramun kuma ana hukunta su, amma kowanne da sunansa da hukuncinsa. Magabata ba su zuba laifuka duka a ƙwarya ɗaya ba, domin sun san sunan da aka ba laifi shi ke ja masa hukunci.

Yanzu mu auna mai waldarmu da wannan ma’auni. Injin asali yana nan a hannun mai shi, ko ƙusa ɗaya ba a cire masa ba. Ƙarfen da aka yi sabon da shi sayen sa aka yi, haka man janareta da sandar walda. Abin da ya tashi daga wancan inji ya shiga wannan dabara ce kawai: yadda aka jera haƙora, da yadda iska ke raba ƙaiƙayi da tsaba.

Da yawa daga cikinmu mun tashi ana aiken mu gidan maƙwabta da tsingaro mu ɗebo wuta. Murhunsu bai taɓa mutuwa don namu ya kama ba. Saniya in ta tafi ta tafi, turke ya zama wayam. Dabara kuwa tana iya zama a kan mutum dubu a lokaci guda, kowa da cikakkiyarta. Thomas Jefferson, wanda yana cikin mutum ukun da suka fara duba takardun masu ƙirƙira a Amurka a 1790, ya yi irin wannan kwatanci da kunna fitila daga fitila a wata wasiƙa da ya rubuta a 1813, yana nuna cewa tunani ba ya mallakuwa yadda gona ko doki ke mallakuwa.

Wani zai ce ai mai ƙirƙira ya yi asara, tunda manomin Kaya da zai sayi injinsa ya sayi na mai walda. Gaskiya ne, ya rasa ciniki. Amma rasa ciniki kaɗai ba ya mai da abokin gasa ɓarawo. In mai ƙosai ta biyu ta kafa kaskonta a tsallaken titi, ta farko za ta rasa masu saye, kuma babu alƙalin da zai saurari ƙarar sata a kan haka. Ke nan akwai wani abu daban da ke sa kwaikwayon ƙirƙira ya zama laifi a wasu lokuta, kuma sai mun gano shi kafin mu san nauyinsa.

Yarjejeniya mai wa’adi

Wannan abu shi ne takardar haƙƙin ƙirƙira, wadda lauyoyi ke kira fatent. Asalinta ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da al’umma. Mun san yadda sana’o’inmu na gado suke riƙe sirri. Maƙeri ba ya nuna wa bare yadda yake sa ƙarfe ya yi ƙwari, mai magani yakan mutu da laƙaninsa in bai sami ɗan da ya yarda da shi ba. Ilmi mai yawa ya bi masu shi kabari ta wannan hanya. Sai hukuma ta ce wa mai ƙirƙira: fito da sirrinka, ka rubuta shi filla-filla yadda duk mai sana’ar zai karanta ya yi irinsa, mu kuma mu hana kowa kasuwanci da shi sai da izininka na wasu shekaru; in wa’adin ya cika ya zama na kowa. Birnin Venis na Italiya ya kafa irin wannan doka tun 1474, Ingila ta yi tata a 1624.

Tamu ita ce Dokar Haƙƙin Ƙirƙira da Zane ta 1970. Ta ba mai takarda shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙatarsa, muddin yana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara. In ya daina biya takardar ta mutu. A cikin wa’adin yana da ikon hana wasu ƙera abin, ko shigo da shi, ko sayar da shi, ko aiki da shi. Sai dai dokar ta sa iyakokin da yawancinmu ba mu sani ba. Ikon ya shafi abin da aka yi don masana’anta ko kasuwanci ne kawai, don haka ɗalibin da ya kwance inji ya haɗa irinsa don ya koya bai taɓa haƙƙin kowa ba. Takardar wata ƙasa ba ta aiki a tamu: wanda ya yi rajista a Japan ko Indiya bai yi a Abuja ba, ba shi da abin da zai riƙe a kotun Najeriya. Kuma ofishin rajistarmu ba ya binciken ko abin sabo ne da gaske. Cikar takardu yake dubawa ya bayar, in wani ya ƙalubalanta kotu ce za ta tantance, tana kuma iya soke takardar.

In muka haɗa waɗannan za mu ga cewa sau da yawa mai waldar Mafara bai ma shiga gonar kowa ba. Dabarar injin casa da na ɓare gyaɗa da na niƙa ta daɗe a duniya, wa’adin takardunta na asali ya wuce tuntuni. Wasu ma cibiyoyin bincike ne suka zana su don a kwaikwaya, kamar injin casar da Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin ta fitar a shekarun 1970, ta raba zanensa ga ƙananan masu ƙira.

To in akwai takarda mai rai kuma aka keta ta fa? Nan ma dokar 1970 ba ta ce a kira ’yan sanda ba, babu ɗauri a cikinta. Mai takarda ne zai shigar da ƙara da kansa a Babbar Kotun Tarayya, domin tsarin mulkin 1999 ita ya keɓe wa wannan fanni. Kotun majistare ko kotun shari’a ta Mafara ba ta da hurumi. Abin da zai nema shi ne a hana mai kwaikwayo ci gaba, a biya shi diyya, ko a lissafa ribar da aka ci a ba shi. Mun ga misali babba a ƙasar nan. A watan Janairu na 2014 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Mai Shari’a Ibrahim Auta, ta yanke hukuncin cewa hukumar zaɓe ta INEC ta yi amfani da wani tsarin tattara bayanai da kamfanin Bedding Holdings ya yi wa rajista ba da izininsa ba, wajen rajistar masu zaɓe, ta kuma ba da umarnin a biya diyyar fiye da naira biliyan 17. Kuɗi ne masu yawan gaske, amma ƙarar neman haƙƙi ce, ba wanda aka tsayar a akwatin masu laifi da tuhumar sata.

A duniya ma haka abin ya fi yawa. Yarjejeniyar haƙƙin fasaha ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki a 1995 kuma Najeriya tana cikinta, ta wajabta wa ƙasashe su hukunta masu jabun tambari da masu kwafar fim ko littafi don kasuwanci a matsayin masu laifi, amma ba ta wajabta haka a kan keta haƙƙin ƙirƙira ba. Shi ya sa mai buga faifan fim ɗin Kannywood ba izini zai iya shiga gidan yari, alhali mai kwaikwayon inji diyya ce a kansa. Akwai ƙasashe irin su Jamus da Japan da suka tanadi ɗauri ga mai keta takardar ƙirƙira da gangan, amma ko a can laifin yana cikin dokar ƙirƙira ne da sunansa na kansa, ba a babin sata yake ba.

Kura da gardi

Wanda ya karanta zuwa nan zai iya cewa to shi ke nan, tunda ba sata ba ce kowa ya kwaikwayi abin da ya ga dama. A nan ne muke rabuwa da shi.

Mu ɗauka wata ɗaliba a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ta kwashe shekara uku tana gwada wata na’urar busar da tumatir da tattasai, don kada amfanin noman rani ya riƙa ruɓewa a bakin hanya. Ta ɓata kwano da katako, ta ci bashi, an yi mata dariya a gida da makaranta. Ranar da abin ya yi, ta bi ƙa’ida ta yi rajista, ta bayyana sirrin a takarda. Bayan wata shida wani mai jari ya sayi guda ɗaya, ya kwance, ya sa aka buga dubu, ya karya farashi, domin shi bai biya kuɗin kurakuran shekara uku ba. Na’urarta tana nan a ɗakinta, ba a ɗauke mata komai ba. Amma kura ta sha bugu, gardi ya karɓi kuɗi, kuma babu mai adalcin da zai ce ba a cuce ta ba.

Cutar tana cikin alkawarin da aka karya. Yarinyar ta fito da sirrinta ne don mu, ta bakin dokarmu, mun yi mata alkawarin shekara 20. Mai jarin ya ci moriyar bayanin da ta yi, ya ƙi biyan abin da aka yi alkawari a kansa. Ya fi kama da wanda ya kwashi adashi ya daina zubi, ko wanda aka yi wa gayya a gonarsa, ranar ta wani ya kwanta ya ce ba shi da lafiya. Ba ma kiran irin wannan ɓarawon dare, amma muna da sunayen da muke kiran sa da su, kuma ba masu daɗi ba ne: maci amana, mai cin haƙƙi. Asarar ma ba ta tsaya a kan yarinyar ba. Ƙannenta da ke kallo sun koyi darasi, ko dai su ɓoye abin da suka gano, ko kada ma su wahalar da kansu.

Malamai sun duba wannan mas’ala. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta zartar cewa haƙƙin wallafa da haƙƙin ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar dukiya a al’adar zamani, shari’a tana kare su, kuma bai halatta a keta su ba. Abin lura shi ne majalisar ta haramta ketawa, ba ta ce a yi wa mai keta haddi ba. Tsakanin halas da sata akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa ne wannan laifi yake zaune.

Kada kuma mu ɗauka takardar ƙirƙira ta Turawa ce kaɗai. Maganin sikila na Niprisan a cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja aka haɓaka shi, daga haɗin wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, kuma cikin kayan haɗinsa har da masoro da kanumfari da ganyen dawa, abubuwan da muka sani a kasuwanninmu. An yi masa rajista a Amurka a 1998, da sunan mai maganin cikin jerin waɗanda suka ƙirƙira. Ba don takardar ba, da duk kamfanin da ya ji labarin haɗin zai iya sarrafa shi ya sayar mana, ba ko tukuici ga mai shi.

Waɗanda suka riga mu kwaikwayo

Sai dai alkawari mai wa’adi al’umma ce ta yi shi don amfaninta, tana kuma da ikon gyara sharuɗɗansa. Tarihi ya nuna haka ƙarara. Dokar Amurka ta 1793 ’yan ƙasa kaɗai take ba takarda, don haka ƙirar baƙo ta kowa ce a can. Holan ta soke dokar haƙƙin ƙirƙira gaba ɗaya a 1869, ba ta dawo da ita ba sai 1912, kuma a tsakanin nan ne aka kafa kamfanin Philips a 1891 yana ƙera ƙwan lantarki. Suwizalan ba ta ba hanyoyin haɗa sinadarai kariya ba sai 1907, bayan masana’antun rini na birnin Basel sun tsaya da ƙafafunsu. Babu ƙasar da ta taɓa halatta satar shanu na shekara 40 don tattalin arzikinta ya ginu, sannan ta dawo ta haramta. Amma ƙasashe sun yi haka da haƙƙin ƙirƙira, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa abubuwan biyu ba jinsi ɗaya ba ne.

Mu a nan mun san kuɗin rashin iya kwaikwayo. Madatsar Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978, an shimfiɗa wa mafi yawan filayenta ban-ruwa na feshi, da famfuna da injinan da aka shigo da su daga waje. Da wuta ta yi tsada, kayan gyara suka yi wuya, sai feshin ya tsaya. Abin da ya riƙe noman rani a fadamu da yawa shi ne ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur, wanda akasarinsa a kan fasalin injin Honda aka ƙera shi a ƙasar Sin, kuma kowane bakanike a Bakura ko Maradun zai iya kwance shi ya mayar. Al’ummar da ba ta iya kwance inji ta haɗa irinsa, kullum a jiran jirgi take.

Inda maganar ta fi zafi shi ne magani. Dokar Indiya ta 1970 ba ta ba da takarda a kan ƙwayar magani ita kanta ba, sai a kan hanyar haɗa ta, don haka kamfanonin ƙasar suka ƙware wajen yin magungunan wasu ta wata hanya, kuma halas ne a dokarsu har zuwa 2005. A farkon 2001, lokacin da maganin rage kaifin ƙanjamau ke cin fiye da dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya, Yusuf Hamied na kamfanin Cipla ya yi tayin haɗin ƙwayoyi uku a kan dala 350, ƙasa da dala ɗaya a rana. An kira irin su ’yan fashin fasaha. Kamfanonin magani 39 da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kotu kan dokar sauƙaƙa magani sun janye ƙararsu a watan Afrilu na 2001, a watan Nuwamba kuma ƙasashen duniya suka amince a Doha cewa haƙƙin ƙirƙira bai kamata ya hana ƙasa kare lafiyar jama’arta ba. Najeriya ta fara nata shirin raba maganin a 2002 da magungunan Indiya. Duk wanda ke da ɗan’uwa da ya rayu a kan waɗannan ƙwayoyi zai yi nauyin bakin kiran masu yin su ɓarayi.

Niprisan ma ya nuna mana wannan fuskar. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka shi kaɗai izinin sarrafa shi, aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a 2006. Kamfanin ya durƙushe a 2008, maganin ya ɓace daga kasuwa, iyayen masu sikila suka yi shekaru suna nema, sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker. Takardar da ta kare mai ƙirƙira ita ce kuma ta sa rumbun ya kasance da mabuɗi ɗaya. Dokarmu ta 1970 ta hango irin wannan, domin ta yarda kotu ta tilasta ba wani izini in mai takarda ya ƙi aiki da ita ko ya gaza biyan buƙatar jama’a, ta kuma yarda minista ya ba da damar amfani da ƙirƙira don maslahar ƙasa. Hanya tana nan, bin ta ne aiki.

Maganar suna

Akwai wani laifi da yake bin kwaikwayo a baya, wanda sau da yawa shi ne muke nufi in mun ce satar fasaha, kuma ya fi ainihin kwaikwayon muni. Shi ne wasa da suna.

Littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma’u sun iso gare mu ne ta hannun masu kwafa. Almajiri zai zauna da tawada da alƙalami ya kwafi littafi daga farko har ƙarshe, ana ganin lada yake nema. Amma yakan bar sunan mawallafi a inda yake, ya sa nasa a ƙarshe a matsayin mai rubutu yana roƙon addu’a. Da zai goge sunan malamin ya sa nasa, da ya fita daga sahun ɗalibai. Dokar 1970 ma ta riƙe wannan: ko da kamfani ne ya mallaki takarda, ainihin wanda ya ƙirƙira yana da haƙƙin a ambaci sunansa a ciki, kuma ba a iya saye wannan haƙƙi da yarjejeniya.

Ɗaya gefen shi ne liƙa sunan wani a kan aikinka. A 2004 wata kotu a birnin Beijin ta hana kamfanin Lifan sayar da babura da sunan Hongda, saboda kusancinsa da Honda. Mai sayen injin ban-ruwa da aka gaya wa gaskiya cewa ɗan Sin ne, ya biya kuɗin ɗan Sin, ba a cuce shi ba. Wanda aka liƙa wa tambarin Japan aka karɓi kuɗin Japan, an yi masa ha’inci, kuma kuɗinsa na gaske ne suka bar aljihunsa. Haka bambancin yake tsakanin maganin Indiya mai sunan kansa da sinadari cikakke, da jabun da hukumar NAFDAC ke farauta, mai kwalin wani da garin alli a ciki. Na farko kwaikwayo ne, na biyu yana iya zama kisan kai.

Abin da ya rage mana

Amsar tambayarmu ke nan. Kwaikwayon ƙirƙirar da aka yi wa rajista ba sata ba ce a Final Kod, ba sata ba ce a dokar 1970, ba kuma satar da fiƙihu ya sa wa haddi ba ce. In takardar tana da rai a ƙasar nan kuma aka yi kasuwanci da abin ba izini, cin haƙƙi ne da karya alkawari, maganinsa neman izini da biyan mai shi. In babu takarda ko wa’adinta ya ƙare, koyo ne, kuma da koyo akan iya. In rai ne a kan gaba, akwai ƙofar da doka ta buɗe, hukuma ce ya kamata ta shiga ta ita.

Saboda haka matasanmu masu ƙirƙira su daina dogara da Allah ya isa kaɗai. Hukumar NOTAP da ke Abuja tana taimaka wa masu bincike wajen yin rajista, kuma a dokarmu wanda ya riga shigar da takarda shi ke gaba. Mai waldar Mafara kuwa ya ci gaba da aunawa da tef ɗinsa, ba mu da dalilin kiran sa ɓarawo. Abin da muke nema a wurinsa kaɗan ne. In ƙirar ta wani ce da ya yi mata rajista, ya neme shi su daidaita kafin ya fara sayarwa. In mai saye ya tambaya, ya faɗa masa inda ya ga ƙirar. In kuma ya gama fenti, sunansa da lambar wayarsa zai rubuta a jikin injin, don in ya lalace a gonar Kaya a san wanda za a kira.